Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Kunne Ɗaya da Talabijin Huɗu

Duk wanda ya ratsa garin Matameye da daren Asabar, ko a daren da ake buga gasar zakarun Turai, ba ya bukatar a nuna masa gidan kallo, kunnensa ne zai kai shi. Rumfa ce ta kwano da bencina a jere, a bakin ƙofa ga allo an rubuta wasannin ranar da alli, a can gaba kuma akwatunan talabijin uku ko huɗu a kan katako ɗaya. Na farko yana sharhin ƙwallo da Faransanci, na biyu da Ingilishi ko Larabci, na uku fim ne na Indiya da aka juya zuwa Hausa a Kano, injin wuta yana ruri a bayan danga, ƴan kallo kuma suna ta musu a kan wanda ya yi laifi. Kowane akwati an ƙure muryarsa domin kada na kusa da shi ya danne shi. A tsakiyar wannan hargowa akwai ƴan makaranta, waɗanda nan da kwana ɗaya ko biyu za a zaunar da su a aji a ce su natsu su rubuta shifta.

Idan aka yi ƙorafi, amsar da ake yawan ji daga masu gyaran rediyo da matasan da suka ƙware a intanet ita ce wai matsalar ta kayan aiki ce: da za a sami na'urar haɗa sauti mai kyau, a raba muryoyin yadda ya kamata, da mutum zai iya sauraron akwatunan duka a lokaci ɗaya ba tare da ya rasa komai ba. Wannan magana tana da daɗin ji, amma rabinta ne gaskiya, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya saurin shiga kai. Dabarun sarrafa sauti suna nan, wasunsu ma masu amfani ne. Abin da babu, kuma ba za a ƙera shi ba, shi ne na'urar da za ta ba ɗan Adam hankali biyu. Hausawa sun riga masana yanke wannan hukunci da suka ce taura biyu ba ta taunuwa.

Dalilin jera akwatuna

Adalci ne a fara da uzurin mai gidan kallo, domin ba don wauta ya jera akwatunan ba. Su kansu masu shirya gasa da gangan suke sa wasanni a lokaci ɗaya. A ranar 25 ga watan Yuni 1982, a garin Gijón na ƙasar Sifen, Jamus ta Yamma ta ci Ostiriya 1 da 0 a wani wasa da duniya ta yi tir da shi, saboda ƙasashen biyu sun shiga fili da sanin sakamakon da zai haye da su ya kuma fitar da Aljeriya, wadda ta riga ta buga nata wasan. Daga gasar 1986 aka mayar da wasannin ƙarshe na kowane rukuni a sa'a ɗaya. Haka ake yi a gasar kofin Afirka, haka ake yi a ranar rufe gasar Ingila. Mai son ƙwallo yana da hujjar son ganin fili biyu, mai gida kuma yana da hujjar neman abincinsa, domin idan ya nuna wasa ɗaya rabin jama'arsa za su koma wurin maƙwabcinsa.

Ba kuma talaka kaɗai ne yake da wannan kwaɗayi ba. Lyndon Johnson, wanda ya shugabanci Amurka daga 1963 zuwa 1969, ya sa an jera masa akwatuna uku a ofishinsa domin ya bi labaran manyan tashoshi uku na ƙasarsa. Sai dai yana da maɓallin da yake zaɓar wadda zai buɗe muryarta. Mutumin da babu na'urar da ta fi ƙarfin aljihunsa ya yarda ido ya yi yawo tsakanin fuska uku, amma kunne sai ya tsaya wuri ɗaya.

Abin da kunne yake iyawa

Masana sun fi shekara 70 suna auna wannan al'amari. A 1953 wani masani ɗan Ingila, Colin Cherry, ya sa wa mutane abin sauraro a kunne, ya aika jawabi ɗaya zuwa kunnen dama, wani daban zuwa na hagu, ya ce su riƙa maimaita ɗaya daga ciki da baki. Sun iya, ba tare da wahala mai yawa ba. Amma da aka tambaye su abin da ɗaya kunnen ya ji, sai aka tarar sun san dai muryar namiji ce ko ta mace, amma ba su riƙe abin da aka faɗa ba, har ma ba su lura an sauya harshen daga Ingilishi zuwa Jamusanci ba. A 1959 Neville Moray ya maimaita jerin kalmomi har sau 35 a kunnen da ba a ba hankali ba, masu sauraro suka kasa tuna su. Ko sunan mutum da aka ambata a wannan kunnen, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka ankara da shi. A 2012 kuma, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, Nima Mesgarani da Edward Chang suka auna aikin ƙwaƙwalwar marasa lafiyar da aka sa wa wayoyin bincike a kai domin neman maganin farfaɗiya, suka ga cewa idan mutum biyu suna magana tare, sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da magana yana bin muryar wanda aka ba hankali kamar shi kaɗai ne yake magana.

Ma'anar wannan duka a fili take. Ji daban, sauraro daban. Kunne ƙofa ce da ba ta da ƙyaure, kowane amo yana shiga, amma ɗakin da ake karɓar baƙi a ba su ma'ana tabarma ɗaya ce a cikinsa. Wanda ya rantse yana bin akwatuna uku, abin da yake yi shi ne tsalle daga wannan zuwa wancan, kuma a kowane tsalle akwai jimlar da take faɗuwa ƙasa.

Bugu da ƙari, hargowa tana haifar da hargowa. Tun 1911 likitan kunne ɗan Faransa Étienne Lombard ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba idan amo ya kewaye shi. Akwati biyu masu ƙarfi ɗaya suna ƙara desibel 3 a kan na guda, huɗu suna ƙara 6, ƴan kallo su ɗaga murya, mai gida ya ƙara ƙure lasifika, kwanon rumfa ya mayar da amon duka a kan jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako a matsayin iyakar sauraron da ba ya cutarwa, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Hukumar ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin sauraron da suke yi.

Dabarun da ake tallatawa

To, me na'urorin suke yi? Dabara ta farko ita ce raba wuri. Ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ta hanyar ɗan bambancin lokacin isarsa kunnuwa biyu, wanda bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, da kuma bambancin ƙarfinsa. Saboda haka idan aka kai muryar wani akwati can hagu, ta wani can dama, zaɓen ɗaya yana sauƙaƙa. Wannan gaskiya ne, kuma ba ya cin kuɗi. Amma abin da ya sauƙaƙa shi ne zaɓe, wato yin watsi da ɗaya.

Ta biyu ita ce bambanta launin murya, a rage kaurin wata a rage siririn amon wata, domin kada su yi kama da juna. Tana taimakawa kaɗan, kamar yadda ya fi sauƙi a bambanta muryar mace da ta namiji, amma duk abin da aka yanke daga sauti an yanke shi ne daga magana. Ta uku ita ce wadda gidajen rediyo suke amfani da ita kullum: da zarar mai gabatarwa ya buɗe baki sai kiɗa ya dusashe da kansa. Idan aka ɗora wannan a kan akwatuna huɗu, na'ura ce za ta zaɓar wa jama'a wanda za su ji, kuma mafi ihu shi zai riƙa cin nasara.

Ta huɗu ita ce wadda ake gani a gidajen motsa jiki da wuraren kallon wasanni na Turai da Amurka: a kashe muryar akwatunan duka, a haɗa kowanne da ɗan ƙaramin injin watsa sauti a zangon FM ko ta intanet, kowa ya kama wanda yake so da wayarsa ya sa abin sauraro a kunne. Wannan za ta iya aiki a Matameye, tunda yawancin ƙananan wayoyi suna da rediyo. Ta biyar ita ce lasifika mai harba sauti kamar hasken tocila, wadda ke aiki da amon da ya wuce jin ɗan Adam, ana samun ta a gidajen adana kayan tarihi, tsadarta kuwa ta fi ƙarfin rumfar kwano. Ta ƙarshe ita ce manhajojin zamani masu tsince murya ɗaya daga cikin taro, waɗanda amfaninsu ga masu raunin ji ba abin rainawa ba ne.

Duk wanda ya dubi waɗannan dabaru shida zai ga wuri ɗaya suka nufa: kowace tana ƙarewa ne da miƙa wa kunne murya guda. Injiniyoyin da suka ƙera su sun san haka. Masu talla ne kaɗai suke cewa za a ji duka, kuma mai saye a kan wannan alkawari ya sayi iska.

Hujjar kasuwa da makarantar allo

Akwai hujjar da ta fi ta na'ura ƙarfi, kuma bai kamata a kauce mata ba. Ana cewa Bahaushe ɗan kasuwa ne, a cikin hayaniya yake ciniki bai taɓa ɓatar da lissafi ba. Ana kuma cewa a makarantar allo yara da yawa suna karatu da ƙarfi a lokaci ɗaya, kowa da inda ya kai, amma a nan ake haddace Alƙur'ani. Me zai sa amon talabijin ya zama daban?

Amsar tana cikin misalin kansa. Almajiri a gaban allonsa abu ɗaya yake bi, da idonsa da yatsansa da bakinsa. Muryarsa ce katangar da take kare shi daga ta sauran. Malam kuwa, wanda yake tsinto kuskuren wasali ɗaya daga bakin yaron da ke can gefe, yana iya haka ne domin karatun yana cikin kansa tun shekaru da yawa, kuma a lokacin da ya juya ga wannan yaro ya saki sauran. Makarantar allo makarantar tattara hankali ce a tsakiyar amo. Haka mai sayar da rake daga fadamun Korama: idan ciniki ya kai ga kuɗi, mutum ɗaya yake fuskanta. A gidan kallo an kifar da tsarin. Yaro ba ya furta komai, ba shi da nassin da yake riƙe da shi, kuma kowane akwati an tsara shi ne musamman domin ya fizge hankali daga ɗan uwansa.

Abin da ake asara

A nan ne maganar ta shafi malamai da ƙungiyoyin raya al'adu kai tsaye. A cikin amo, baƙaƙe ne suke fara ɓacewa kafin wasula, saboda sun fi su rauni. Hausa kuwa ta jingina ma'ana a kan bambance-bambance masu laushi: kafa da ƙafa, bata da ɓata, bari da ɓari. Ta kuma jingina ta a kan karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun boko na yau da kullum ba ya nunawa. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya, haka wuya ta wahala da wuya na jiki. Mai karatun Hausa da kunnensa yake karatu. Idan kunnen bai ƙoshi da tsararriyar magana ba, ido ba zai cece shi ba.

Lamarin Faransanci ya fi haka tsanani. Sanannen abu ne a binciken ji cewa mai sauraron harshen da ba na uwarsa ba ya fi cutuwa da amo, domin ba shi da taskar kalmomin da zai cike giɓin abin da ya kuɓuce masa, kuma yaro ya fi baligi bukatar shiru kafin ya fahimci magana. Ɗan kwalejin da ake so ya bambanta dessus da dessous, wato sama da ƙasa, da wasali ɗaya tak, shi ne ake cewa wai yana koyon Faransanci a gidan kallo. Abin da yake ɗauka bai wuce ihun cin ƙwallo da sunayen ƴan wasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 1999 cewa amon da ke cikin aji kada ya wuce desibel 35. A 1975 Arline Bronzaft ta nuna cewa a wata makarantar firamare ta birnin New York, yaran da ajinsu yake fuskantar layin jirgin ƙasa sun kasance a bayan takwarorinsu na ɗaya gefen a karatu, manyan cikinsu da kusan shekara guda. Da aka rage amon, giɓin ya rufe.

Babbar asarar ma ta ɗabi'a ce. Yaron da ya saba magana tana zuba a kansa ba tare da an nemi ya riƙe ta ba, yana koyon cewa magana ba ta da nauyi. Al'ummar da ta ce kunne ya girmi kaka, ta kuma ce in kunne ya ji jiki ya tsira, da sauraro ta adana tarihinta da tatsuniyarta da kirarinta. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Doka tana iya ɗaga darajar harshe, amma ba ta iya samar masa da masu sauraro. Kuma kada malamai da iyaye su wanke hannunsu: gidan da akwati yake magana tun safe ba mai kallonsa, uba yana kan waya, rediyo yana ɗaki, ƙaramin gidan kallo ne, sai dai ba a biyan kuɗin shiga.

Darasin da aka manta

Abin mamaki, Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka fara gane cewa na'ura ba ta wadatarwa sai an tsara sauraro. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda jama'ar ƙauye suke taruwa su saurari shiri ɗaya da harshensu, jagora ya buɗe muhawara, a naɗi ra'ayoyinsu a mayar gidan rediyo. A 1964 aka fara gwajin koyarwa ta talabijin a wasu ajujuwan firamare, shiri ɗaya gajere, sa'annan mai kula da aji ya ɗora aiki a kansa. A 1973, a nan Damagaram, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci. Ko me za a faɗa game da nasara ko gazawar waɗannan shirye-shirye, sun haɗu a kan ƙa'ida ɗaya: a ji murya guda, a yi shiru, sa'annan a tattauna. Har gobe idan ana gasar kokowa ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ƙasa duka tana bin sharhi ɗaya, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce daɗin ya ragu ba.

Mafita

Rufe gidajen kallo ba mafita ba ce. Sana'a ce, wurin haɗuwar matasa ne, kuma a gari irin Matameye, da ke kan hanyar Damagaram zuwa Daura, abin da aka hana a rumfa zai shigo ta waya. Abin da ake nema ya fi haka sauƙi: fuska da yawa, murya ɗaya. A jera akwatuna ko nawa ne, amma ɗaya kaɗai zai yi magana, a kuma rubuta a allon ƙofa wanda aka zaɓa. Wanda yake son sharhin wani wasa a ba shi ta FM a wayarsa, da sharaɗin ya sassauta ƙarfin abin da ya sa a kunne. Fim da ƙwallo kada su haɗu a rumfa ɗaya. A sa ƙananan lasifikoki biyu ko uku kusa da jama'a maimakon babba ɗaya mai girgiza unguwa, a yi wa kwano rufin zana ko tabarma daga ciki domin ya shanye amo, a kuma nisantar da injin wuta.

Akwai matakin da ya fi waɗannan duka riba. Idan murya ɗaya ce za a ji, me zai hana ta zama ta ɗan gari? A kashe sautin akwatunan, a ba wani matashi makirufo ya yi sharhin wasannin da Hausa, yana kai jama'a daga wannan fili zuwa wancan kamar yadda gidajen rediyo suke yi. Wannan ita ce na'urar haɗa sauti ta gaskiya, domin tana da hankalin zaɓar abin da ya cancanci a ji. Ƙungiyoyin al'adu da fadodin matasa za su iya shirya gasar irin wannan sharhi, malaman Hausa su taimaka da kalmomi, harshe ya sami sabon fage. Hukumomin gari da masu gidajen kallo su daidaita a kan lokacin tashi a makonnin jarrabawa. A aji kuma a ware ƴan mintuna kowane mako domin sauraro zalla: labari ɗaya, ba rubutu, ba hoto, sa'annan ɗalibi ya maimaita shi da bakinsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bukatar kuɗin waje ko ƙwararre daga nesa. Abin da suke bukata shi ne a yarda cewa hankalin yaro dukiya ce mai iyaka, kuma duk wanda ya kunna akwati huɗu a kansa yana ɗibarta ne. Masu gidajen kallo iyaye ne ko yayyen waɗannan yara, ba za su ƙi jin magana ba idan an same su da mutunci, an kuma nuna musu cewa cinikinsu ba zai ragu ba. Nauyin fara wannan magana yana wuyan malamai da ƙungiyoyi, tun kafin kakar wasanni mai zuwa. Allah ya sa kunne ya ji.